Wutsiyar Sharhin Baba

Ni dai ban taɓa ganin mai son dogon rubutu irin Baba ba. Shekara talatin ya yi a gidan waya yana buga hatimi a kan wasiƙun mutane, da ya yi ritaya sai ya tashi fanshewa. Ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan gidan waya ta naɗa shi shugaba, ta damƙa masa 'yar mujallarta mai shafi takwas da ke fita wata-wata. Shi ke rubuta sharhin shafi na biyu. Ni da Yaya mu ke tsara shafukan a kwamfuta, a shagonmu na buga katuna, ɗaki ɗaya da teburi biyu, injin kuma yana bayan labule.

Rabin shafi aka ware wa Baba, rabin ƙasa na hoto ne. Shi kuwa kullum sai ya kawo abin da zai cika shafi har ya yi saura. A watan farko Yaya ta yi ƙarfin hali ta ce, "Baba, da an ɗan rage." Ya sauke tabarau ya ce, "Wane layi ne ya yi miki laifi? Nuna mini shi." Kwana uku gaisuwarta ma da ka yake amsawa. Tun daga nan ba wadda ta sake tayar da zancen.

A manhajar da muke aiki da ita, a cikin akwati ake zuba rubutu. Abin da akwatin ya ɗauka shi ke fitowa a takarda. Abin da ya yi saura yana nan ɓoye a ƙasa, bai goge ba, bai fito ba, sai wata 'yar alama ja a kusurwa tana hararar ka. To mu wannan ce ta rufa mana asiri. Sai mu nemi inda jimla ta ƙare daidai gindin akwati, mu tura sauran ƙasa, shi ke nan. Baba kuma ba ya duba shafinsa. "Ni na rubuta, me zan karanta?" in ji shi, sai ya wuce farautar kuskure a rubutun wasu. Shekara shida muna datse masa wutsiya bai sani ba, kuma wallahi ba abin da nake tsoro kamar ranar da zai sani.

Ga wani halin banza da muka ƙara. Yaya da safe take aiki, ni da rana, don haka a daidai inda muka datse, can cikin ɓoyayyen wurin, muke bar wa juna saƙo. Wa zai gani?

Shafi na bakwai shi ya ja mana. Na sanarwa ne, wata layi biyu, wata layi goma, kowane wata sai na bi akwati ashirin ina ja ina rage wa har wuyan hannuna ya riƙe. Ranar nan ina tone-tone a cikin saitin akwati na ci karo da wani wuri: in ka danna, akwatin da kansa zai riƙa miƙewa ko tsukewa daidai yawan rubutun da ke cikinsa. Na gwada a sanarwa ɗaya, ta zauna cif. Kai, sai da na yi tafi ni kaɗai. Maimakon in tsaya a shafi na bakwai, zumuɗi ya sa na zaɓi saitin da duk akwatunan mujallar ke bi, na danna. Na leƙa bangon gaba, na leƙa na bakwai, na ga sun yi kyau, na tura wa mai inji. Yaya ranar tana wajen likitan haƙori. Mai inji kuwa mutum ne da ko hotonsa ka tura masa a kife haka zai buga. Ya buga ɗari uku, ya naɗe, aka raba.

Washegari da hantsi ina shirin nuna wa Yaya gwanintata, Baba na zaune yana shan shayi, sai ga sakataren ƙungiya ya faɗo shagon ko sallama bai ƙarasa ba. Hotonsa ne a shafi na biyu a watan nan. Shekara da shekaru yake jiran layi ya zo kansa, har sabon kwat ya ɗinka.

"Shugaba, me na yi maka?" Ya baje mujallar a teburi. "Dubi fuskata! Matata ta kira 'yan'uwanta su zo su ga hoto, suka tarar da rubutu tun daga goshina har aljihu!"

Na leƙa. Akwatin Baba ya miƙe abinsa, ya gangaro ya haye kan sakatare, ya kwaso duk abin da ke ɓoye. Idanun bawan Allah kaɗai ke leƙowa tsakanin layi biyu.

Baba ya ajiye kofi, ya sa tabarau. Na ce, "Baba, kawo in gyara, ƙaramin abu ne." Bai ko dube ni ba. Ya ɗora yatsa a goshin sakatare ya fara karantawa da ƙarfi, da muryar da yake karanta ajanda.

"Yaya, a nan na datse shi. Ya sake komawa kan keken rabon wasiƙa, karo na tara ke nan." Yatsan ya sauko kan hanci. "Sannu da aiki, Auta. Da kin ƙyale shi da sai ya kai mu bangon baya."

Sakatare ya ce, "Af, ashe ma ba ni ake zagi ba." Mai inji ya leƙo ta labule ya koma da sauri. Yaya ta dafe kumatunta, ta ɓangaren da ma ba a cire haƙorin ba.

"Kwamfutar ce, Baba," na ce. "Wani lokaci takan..."

"Kwamfutar ce ta san kekena?" Ya juya wajen Yaya. "Ke ce babba. Tun yaushe?"

Yaya ba ta iya ƙarya ba, abin da ya sa ban taɓa haɗa baki da ita cikin kwanciyar hankali ba ke nan. Ta ce, "Tun fitowa ta biyu, Baba."

Na jira tsawa, na jira a ce mu tattara mu bar masa mujallarsa. Sai ya ci gaba da bin takardar da ido. Can ya miƙo mini. "Karanta na ƙarshen. Wanda ke kan aljihun sakatare."

Ban taɓa kaiwa ƙarshen sharhin Baba ba, ko sau ɗaya. Na karanta: "Kamar kullum, zan rufe da 'ya'yana biyu masu tsara wannan mujalla. Ranar Talata na leƙa na tarar da Auta tana cin abinci a tsaye don kada aiki ya tsaya. Na so in ce mata ta zauna, na so in ce mata ina alfahari da ita, amma bakina bai iya irin wannan ba, hannuna ne ya iya."

Kamar kullum. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

"Kowane wata akwai," in ji Baba a hankali. "Wata ke, wata yayarki. Ni na ɗauka kuna karantawa ne, nauyin baki ya hana ku ce komai. Har nakan ce a raina, ai ni suka gado."

"To, ni fuskata fa?" in ji sakatare.

"Za a sake buga maka," Baba ya ce. Ya ɗauki kofinsa, ya kama hannun sakatare suka fita.

Muka tsaya ni da Yaya, ba mai kallon wata. Sai ta jawo kujera ta zauna gefena gaban kwamfuta, ta share ido da bayan hannu.

"Suna nan duka, ko? Ba ki goge ba?"

"Suna nan. Saba'in da ɗaya."

"Buɗo na farko," ta ce. "Ki danna abin nan naki."