'Yan Kunnen Gwaggo Hamsatou

Rabi'a 'yan kunne take yi a wata 'yar rumfa a Banikanni, cikin Parakou, irin masu zagayen nan da ake jera wa duwatsu a bi su da siririyar waya ana naɗewa. Wata Laraba yayar mahaifinta, Gwaggo Hamsatou, ta kira ta daga Djougou.

"Ki zo gobe da kayan aikinki. Kada ki tambaye ni dalili."

Rabi'a ta shiga motar safe, ta isa bayan azahar. Ta tarar da tsohuwar a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, da wani gwangwani mai tsatsa a cinyarta. Sai da aka gama gaisuwa, aka sha ruwa, sannan Gwaggo ta juye gwangwanin a faifai. Duwatsu ne shuɗɗa guda tara, sun sha hannu har sun yi santsi.

"Na kakata ne," in ji ta. "Mijinta ya kawo mata daga Gwanja cikin kayan goro. Zarensu ya tsinke tun ina yarinya. Ki mayar mini da su 'yan kunne."

"Wa za ki ba, Gwaggo?"

"Ni zan sa. Ko kin ga ba ni da kunne ne?"

Rabi'a ta yi dariya ta zauna. Ta yanko jan waya mai kauri, ta zagaya ta a jikin kwalbar turare har ta yi zobe, ta sa awartaki ta lanƙwasa bakin. Sannan ta ɗauko siririyar. Naɗi uku, dutse ɗaya, naɗi uku kuma. Gwaggo na ta ba da labarin fataken zamanin da, muryarta na hawa tana sauka. Iska na kaɗa ganye, haske na yawo a kan faifan.

Tun Rabi'a na amsawa har ta daina. Hannunta na aiki, amma ita ta yi nisa. Ta ga jakuna a jere suna tsallaka rafi, ƙamshin ɗanyen goro na tashi daga cikin ganyen da aka naɗe shi. Ta ga wani dogon mutum da ba ta taɓa sani ba, yana tafe a bayansu, lokaci-lokaci yana shafa aljihu ya ji ko duwatsun na nan. Can gaba wata mata ta leƙo ƙofar gida, ta koma, ta sake leƙowa. Rabi'a ta so ta ga fuskarta sosai, sai bakin waya ya soke mata yatsa. Ta tsotse jinin. A waje ƙarar wani babur ta wuce.

Da ta gama, ɗaya ya sami duwatsu biyar, ɗaya huɗu.

"Gwaggo, ba su yi daidai ba. In cika da ɗaya daga cikin duwatsuna?"

"A'a, 'yar nan. Bar su yadda suka zo."

Kunnen dama ya karɓa ba gardama. Na hagu kuwa hudarsa ta toshe, don tsohuwar ta fi shekara ashirin ba ta sa komai ba. Rabi'a ta lakato man kaɗanya ta dinga murza wurin a hankali, Gwaggo ta runtse ido tana salati ƙasa-ƙasa. Da kyar wayar ta ratsa.

Rabi'a ta miƙa mata madubi, Gwaggo ta ture shi. Ta girgiza kai kaɗan, duwatsun suka taɓa mata wuya, sai ta yi murmushi.

"Sanyinsu na nan," ta ce.

Daga nan ta dafa kafaɗar Rabi'a ta miƙe, ta yafa mayafi a bayan kunne yadda ba zai rufe su ba.

"Ɗauko mini takalmi. Gidan ƙawata Talle za mu je, mu bi ta cikin kasuwa."