Baƙo Daga Tashkent

Dabarar ta Nigina ce, amma ƙaryar kuwa mijinta Behruz ne ya shirya abarsa, ba wanda ya sa shi. Ita dai cewa ta yi shekara goma sha biyu ke nan da aka kawo ta Bukhara, mutane na tasowa daga bangon duniya su zo kallon garin, ita kuwa ba ta san ko'ina ba sai kasuwar kayan miya da asibitin haƙorin mijinta. Su kai yara gidan ƙanwarta, su kama ɗaki a tsohon gari kwana biyu, su bi 'yan yawon buɗe ido kamar kowa. Behruz ya yarda. Ranar Alhamis kuma sai ga wayar Hola Muharram.

Hola Muharram yayar mahaifiyarsa ce. Ita ta riƙe shi tun yana ɗan shekara shida da uwar ta rasu, kuma ba ta da wani ɗa sai shi. Daga benen da yake zaune a sabuwar unguwa zuwa gidanta minti ashirin ne a mota, amma rabonsa da ita wata biyar. Ba faɗa suka yi ba. Yau da gobe ce kawai, sai kunyar rashin zuwan ta zama ita ke hana shi zuwa.

"Behruzjan, jibi zan ɗora shinkafa," ta ce. "Na samu karas rawaya mai kyau, irin wanda kake so."

"Kash, Hola! Ai gobe da sassafe zan wuce Tashkent, taron likitoci. Sai Litinin."

"To Allah ya kai ka lafiya, ɗana."

Da ta yi ƙorafi ma da ya fi masa sauƙi. Ya ajiye wayar yana jin haushin kansa, ya kuma ci gaba da haɗa jaka.

Ranar Asabar ya fito da malafa da baƙin tabarau, na'urar ɗaukar hoto na lilo a wuya. Su goma sha ɗaya ne, Jamusawa da 'yan Koriya da su biyu, sai jagoransu Jamshed, wani mai tumbi da ba ya haɗiye yawu in ya fara magana. Da ya tambaye su daga ina, Behruz ya ji nauyin ya ce daga bayan tashar mota. Ya ce Tashkent. Nigina ta mintsine shi tana dariya.

Gaskiya ya ji daɗin safiyar, kuma jin daɗin ne ya fi damunsa. Hasumiyar da ya yi shekara goma yana bi ta gindinta zuwa makaranta, sai yau ya ɗaga kai ya ga zanen tubalinta. Amma duk tsohuwar da ta gifta da farin ɗankwali sai gabansa ya faɗi.

Wajen azahar Jamshed ya tafa hannu. "Jama'a, gini ya isa haka. Yanzu zan kai ku gidan mutanen Bukhara na ainihi, ku ci abincin da ba a sayarwa."

Suka shiga lungu. Suka wuce gidan mai gurasa, suka karya hagu wajen famfon da bai taɓa daina ɗiga ba. Behruz ya ƙara jawo malafarsa ƙasa.

"Baban Kamran," Nigina ta raɗa masa, "wannan ba lungun Hola ba ne?"

"Gidaje nawa ne a lungun? Yi shiru."

Lungun mutum ɗaya yake ci, ga wani ƙaton Bajamushe a bayansa, babu hanyar juyawa. Jamshed ya tsaya daidai ƙofar da Behruz ya sassaƙa sunansa a jikinta da ƙusa yana yaro.

Hola Muharram na tsaye a zaure, hannu a ƙirji, tana yi wa kowa maraba. Ta rame. Ta dubi malafar, ta dubi tabarau, ta dubi Nigina da ta sunkuyar da kai kamar amarya.

"Hajiya, waɗannan biyun namu ne," in ji Jamshed. "Daga Tashkent."

"Daga Tashkent," ta ce. "Sannunku da hanya. Lallai kun sha nisa."

A ɗakin baƙi an shimfiɗa katifun zama kewaye da ledar abinci. Ƙafafun Behruz suka kai shi inda suka saba, ya durƙusa bakin ƙofa ya miƙa hannu ga butar shayi. Ta riga shi ɗauka.

"A'a, baƙona. Ku haye can sama."

Ku ta ce masa. Jamshed ya samu abin faɗa, ya juya ga Turawa yana bayani da hannu bibbiyu: baƙo can ƙurya yake zama nesa da ƙofa, bakin ƙofa wurin ɗan gida ne, shi ke zuba shayi, shi ke tashi ɗauko abu. "To Hajiya ba ta da kowa a gida, shi ya sa take yi da kanta." Turawan suka gyaɗa kai, suka ɗauki hoto.

Behruz ya zauna a ƙurya, wurin da ko sau ɗaya bai taɓa zama ba a gidan nan. Yana kallo ta juye shayin sau uku cikin buta kamar yadda ta koya masa. Hannunta na rawa, shayin na zuba a leda. Yaushe hannun ya fara haka? Bai sani ba, kuma ba shi da bakin tambaya. Ta miƙo masa nasa, ɗan kaɗan a gindin kofi, irin zubin da ake yi wa baƙon da ake girmamawa.

Wata 'yar Koriya ta sa Jamshed ya tambaya ko tana da 'ya'ya.

"Ina da ɗa, likita ne," ta ce, ba ta dubi ƙurya ba. "Gaya mata aiki ne ya yi masa yawa. Mutanen garin nan ba sa raga wa alewa, shi kuma hannunsa da sauƙi, kowa shi yake nema. Yaron kirki ne."

Da zagi ta yi da ya iya haɗiye shayin.

Aka shigo da shinkafa faranti uku, karas rawaya a sama. Jamshed ya matso kusa da Behruz yana cika baki. "Yaya, ka san ko sisi ba ta karɓa? Ita ta tare ni a lungu wata uku da suka wuce. Wai hannunta bai iya girkin mutum ɗaya ba, in ta dafa sai ta zauna tana kallon tukunya. Ta ce in ina da masu jin yunwa in kawo mata. Ɗan nata kuwa ban taɓa sa shi a ido ba. Ci mana, ko ba a cin irin wannan a Tashkent?"

Ya ci. Nigina na gefensa tana share ido da bakin gyale, wai barkono.

Da aka shafa fatiha kowa ya fita neman takalmi, Behruz ya tsaya. Ya cire malafar da tabarau, ya fara tattara kofuna.

"Hola," ya ce. "Hola, ni ne."

"Na sani mana. Ni na yi maka wanka."

"Ki yafe mini. Babu wani taro, ni dai..."

Ta karɓe kofunan daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ta jera su a faranti. Sannan ta gyara masa wuyan riga. Daga waje muryar Jamshed na kiran mutanen Tashkent.

"Yi sauri ka bi su," ta ce. "Lungunan nan da ruɗarwa, kar su tafi su bar ka ka ɓata."