Yatsu a Gefen Riga

A fuskar kwamfutar wani ango ne tsaye cikin babbar riga, babu ƙafa ko ɗaya. Mashkura ce ta goge su, garin cire kujerar robar da ke bayansa.

"Kin gurgunta bawan Allah ranar aurensa," in ji kawunta Abdulkahar. "Mayar masa da kayansa."

Ba ta yi dariya ba. Ta danna inda ya koya mata, ƙafafun suka dawo, takalmi da safa.

"Kin gani? A nan duk ɓarnar da kika yi tana komawa baya."

Sai da maganar ta fita ya ji nauyinta. Ya juya yana goge gilashin kyamara, alhali babu abin da ya taɓa shi.

Tun rasuwar yayarsa Luba, mahaifiyar Mashkura, yarinyar take hannunsa a Dutse, domin mahaifinta direba ne, ba ya zaman gida. Idan ta taso daga makaranta sai ta wuce shagonsa na hoto, ta zauna kan benci ta zuba wa titi ido, 'yan adaidaita suna ta wucewa. Shi ba gwanin lallashi ba ne. Abin da ya iya shi ya ba ta: yadda ake riƙe linzamin kwamfuta, yadda ake bin gefen mutum a hankali har a yanko shi, yadda ake ƙara wa hoto haske. Hannunta bai cika rawa ba, kuma ba ta tambayar abu sau biyu. Ranar Juma'a kakarta, Inna Fatsuma, za ta zo ta tafi da ita Aujara.

"Kawu, ina hoton sunan Saifuddeen?"

Ya san wanda take nufi, na ranar sunan ƙaninta, don shi ya ɗauka. Ya buɗe mata. Mata ne zaune kan tabarma a tsakar gida. Luba tana gefe da jariri a cinya, ta ɗan sunkuyar da kai. Inna Fatsuma a tsakiya, ta cika wuri da mayafinta. Can ɗaya gefen Mashkura ce a tsaye cikin riga ruwan goro, kamar 'yar maƙwabta da ta leƙo kallo.

"So nake in ɗauke ni daga nan, in sa ni jikin Yaya Luba. In tafi da shi."

Yaya Luba take ce wa mahaifiyarta, yadda ta ji kawunta yana faɗa tun tana rarrafe.

"Ba mu da wani hoton ni da ita," ta ƙara. "Na duba duk."

Abdulkahar ya tuna ranar. Ya ce a matso da yarinyar kusa da uwarta, matan suka kwashe da shewa, wata ta ce ɗan birni ya manta kunya. Luba ta kau da kai, ta ce, "Ɗauki abinka haka nan."

"Ke 'yar fari ce, Mashkura," ya ce. "Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta jan shi a jiki a gaban mutane. Haka muka taso muka gani. Ita ma Inna ban taɓa jin sunan Yaya Luba a bakinta ba."

"Ita ma Inna ba ta son ta ke nan?"

"Subhanallahi! Wa ya ce miki ba so ba ne?"

"Ba wanda ya ce. Amma Yaya Luba, Saifuddeen take ce wa Saifuna. Ni kuwa 'ke', ko 'yarinyar nan'." Ta faɗa ba tare da ta ɗaga murya ba, kamar mai ba da labarin wata. "Ko a asibiti, da aka shigar da ni, bango ta kalla."

Ya jawo mata kujera.

"Zuƙo hoton sosai, ya ƙara girma. Fara daga ɗankwali, ki bi ta kafaɗa. Kada ki yi sauri."

Ta fara. Layin ya zagaya kanta, ya sauko ta hannu, ya bi rigar har ƙasa. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Da ta haɗe layin, ta ja siffarta a hankali, ta tsallake Inna Fatsuma, ta ajiye kafaɗarta jikin kafaɗar Luba. Inda ta baro ya zama farin rami mai siffarta.

Ta daɗe tana kallo. Ya yi kyau, har ya fi yadda shi zai yi.

"Akwai datti a gefen rigar," ta ce, ta ɗauko abin gogewa.

"Dakata."

Ya kama hannunta da linzamin gaba ɗaya. Ya ƙara zuƙowa, ya ɗaga hasken wurin. Daga cikin duhun inuwar mayafi yatsu suka fito, jajaye da lalle, sun damƙe gefen rigar ruwan goro. Na tsakiya a karkace yake.

Abdulkahar ya san yatsan nan. Taɓarya ce ta faɗa wa yatsan suna yara a Aujara, bai ƙara miƙewa ba.

"Hannun wa ne?"

"Nata ne." Ya nuna Luba a fuskar kwamfutar. "Ta bayan Inna ta zagayo da shi. Ba wanda zai gani."

Yanzu da aka matsar da yarinyar, yatsun sun taho tare da ita, a guntule, suna reto a gefen riga ba su manne da kowa ba.

"In na goge su, hoton zai yi daidai?"

"Zai yi."

"In na bar su fa?"

"Sai dai ki koma inda kike."

Mashkura ta kalli kafaɗun biyu da suka haɗu. Ta kalli yatsun.

"Ko dai don kada in gudu ne ta riƙe ni? Ba na tsayawa wuri ɗaya lokacin."

Ya so ya rantse mata. Kalmar tana bakinsa, kuma ya san za ta karɓa. Amma ita ta ga bangon asibiti, shi bai ga komai ba.

"Ina bayan kyamara, Mashkura, kuma ban lura ba. Ban sani ba."

Ta gyaɗa kai. Ta danna komawa baya, ta sake dannawa. Hasken ya dushe, yarinya mai riga ruwan goro ta rabu da kafaɗar uwarta, ta tsallake Inna, ta faɗa cikin raminta a can gefe.

"Kawu, yaya ake yanke duk sauran, a bar nan kawai?"

Ya nuna mata. Ta yanke matan, ta yanke Inna da jaririn, har da fuskar Luba da tata. Ta mayar da hasken. Da takardar ta fito daga firinta babu komai a kai sai yadi da yatsu, sun ɗan dusashe saboda zuƙowa.

Arzika mai shayi ya shigo karɓar kofunansa, ya leƙa ta kan kafaɗarta.

"Ke 'yar Kawu, an ce kin zama gwana. Wannan kuma hoton mene ne? Ina kawunan mutanen?"

Mashkura ta riƙe takardar ta gefe-gefe, yadda aka koya mata, don kada yatsa ya ɓata ta.

"Ni ce da Yaya Luba," ta ce.