Sallamar da Ba a Goge Ba

Fasuma ba kallon fim ya kawo ta birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba. Sarin mayafai ta zo, yunwa kuma ta shigar da ita wani gidan abinci a unguwar Xiaobei tare da Alhaji Illa, maƙwabcinta na Kano, wanda yake yi mata jagora a kasuwa. Sai ga Shehu, wani ɗalibi ɗan garinsu, sarkin karambani, riƙe da wani faifai da ya tsinto.

"Alhaji, wai har da 'yan garinmu a ciki," in ji shi. "Masu zubar da ciki a ɓoye. Turawa ne suka ɗauka."

Ya zura faifan a bidiyon mai shago. Nan take Fasuma ta gane fim ɗin. Ma'aikaciyar jinya ce a gida, kuma bara waccan ta yarda Turawan nan suka yi hira da ita a ɗakinta, bayan sun rantse za su rufe fuskarta su sauya mata murya. In aka gane ta, sai gidan yari.

Sun cika alkawari, ba laifi. Fuskar ta fito dishi-dishi, murya kuwa kamar ta ƙato mai mura. Alhaji ya ja tsaki, ya ci gaba da cin shinkafarsa.

Amma ina Bature ya san sallama? Ana tsakiyar hirar wata mace ta yi sallama daga tsakar gida, kuma wace 'yar Musulmi za a yi wa sallama ta yi shiru? Matar cikin fim ta waiwaya ta amsa. Masu haɗa fim ɗin sun ɗauka hayaniyar gida ce, suka bar ta yadda take.

"Wa'alaikumus salam, Mero. Jinin ya tsaya? Zauna, ina zuwa."

Muryar Fasuma ce tsaf. Mero kuwa matar Alhaji ce. Haihuwarta ta ƙarshe ta kusa kashe ta, likita ya ce kada ta sake, mijin ya ce likita ba Allah ba ne. Da ta sake samun ciki, wurin Fasuma ta je a ɓoye aka zubar. Har yau shi dai ɓari ya sani ta yi.

Fasuma ta saci kallon Alhaji. Ta shiga lallashin kanta: ai Mero da yawa a Kano, ga ƙarar fanka, ga Sinawa na ta surutu a kicin, mai yiwuwa bai ji ba.

Alhaji ya ajiye cokali. Ko kallonta bai yi ba.

"Shehu," ya ce a hankali, "ɗan mayar mana da shi baya."