Jan Biron Malam

"Karo na bakwai ke nan!" in ji mai buga takardu, ya maka shafukan a kan teburinsa. "Yau kuma me ya ɓaci?"

'Yar Malam ta tsaya a bakin shagon, sanye da kayan aikinta na asibiti. "Baba ya ce misalan ne ba su yi masa ba, Kawu."

Malam maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Shekara talatin ya yi yana koyar da Turanci, da ciwo ya kwantar da shi sai ya dage lallai ya ga littafinsa a buge kafin ya bar duniya. Babi ɗaya ya rage, na wakilan suna, wato yadda ake cewa ni, kai, shi, ita da mu a Turance. Amma duk sa'ad da aka buga shi, sai ya dawo jajir da jan biro.

A ranar mai buga takardu ya cusa babin cikin aljihun tebur ya rufe. Mako uku bai waiwaye shi ba.

Wata Laraba da hantsi ya leƙa dubiya. Ɗakin yana warin magani, Malam ya rame har agogo na zamewa daga hannunsa.

"Sarkin jinkiri, ina babina?"

"Saura shafi biyu, Malam."

"Tun ina da haƙora nake jin shafi biyun nan." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Ka hanzarta dai. Ni ma shafi biyun suka rage mini."

Ya fito ransa a ɓace, ya rasa da wa yake fushi. Gobe, ya ce a zuciyarsa, gobe lallai.

Washegari yana buɗe shago kukan matar Malam ya tsallako katanga.

Bayan an dawo daga makabarta ya jawo aljihun tebur. Ashe gyara ɗaya ne tak a ciki. Malam ya soke tsofaffin misalai uku, ya rubuta sababbi, Turanci a sama, Hausa a ƙasa: "Ni na gajiyar da shi. Shi bai taɓa ƙin aikina ba. Mu maƙwabta ne."

Ya kunna na'ura. Minti goma suka ishe shi.

Ya shiga gidan da shafukan, da sauran ɗuminsu, ya ajiye su a kan matashin Malam, kusa da jan biron da ba a mayar wa murfinsa ba.