Waƙar Auta a Wayoyin Mutane

Shagon Injiniya ɗan tsugul ne, a matse tsakanin mai yankan makulli da mai wanki da guga, amma wayar da ta shiga hannunsa a mace, da ranta take fita. Teburinsa kullum cike yake da fasassun gilasai da ƙananan sukurori. A gefe akwai kujera ta biyu, ba kowa a kanta. Ta ƙaninsa ce, Auta, wanda ya ajiye sukudireba ya ɗauki jita.

Ranar da Auta zai bar shagon, a gaban mahaifiyarsu suka ƙulla magana. In waƙa ta biya masa hayar ɗaki kafin shekara ta zagayo, to Allah ya sa albarka. In ba ta biya ba, kujera tana nan.

Auta ya yi waƙa guda, ya ɗora ta a irin manhajar nan da mutane ke sauraron waƙa a waya. Aka yaba. Sai dai yabo ba ya shiga tukunya. Da kamfanin ya turo masa kasonsa, ya kawo wa wansa ya gani. Injiniya ya gyara zaman tabarau, ya duba, ya sake dubawa.

"Wannan na yini ne?"

"Na wata uku ne, Yaya."

"Kai! Ko mai yankan makulli ba ya kunna injinsa a kan wannan."

Auta ya yi masa bayani. Sai mutum ya saurari rabin minti kafin a lissafa, kuma sai an tara dubbai kafin abin ya zama kuɗin da za a kira kuɗi. Rabin mintin nan ya zauna wa Injiniya a ka.

Da farko abin ba laifi. Duk wayar da aka gyara dole a gwada sifikarta, sai ya riƙa gwadawa da waƙar Auta. Daga nan idonsa ya faɗa kan kantar shagon, inda wayoyin mutane ke jere a caji suna jiran masu su, ga kuma tsofaffin da aka yi shekaru ba a zo karɓa ba. Zaman banza suke yi. Ya ba su aiki. Ya kashe musu murya, ya kunna waƙar, in ta kai rabin minti ya mayar da ita farko. Guda ɗaya kawai yake bari da 'yar ƙara, don ya san lokacin dannawa. Tsakanin wannan gyara da wancan hannunsa na bin kanta kamar mai ba kaji tsaba. Bai gaya wa kowa ba. A ganinsa kamfani teku ne, ba ya jin an ɗebi moɗa.

Wata mai shagon yadi ta dawo da ƙorafi.

"Injiniya, me ka yi wa wayata? Tun da na karɓo ta, da na buɗe sai ta miƙo min wani yaro yana kuka da jita."

"Hajiya, ai gyaran ne ya yi kyau. Har ta san abu mai daɗi."

Masu saurare suka yi ta hawa. Auta ya je ya ba mai gidan haya haƙuri da bakin wanda ya ga haske, matarsa ta fara zancen labule.

Wata rana da hantsi Auta ya shigo shagon ba sallama. An cire waƙar daga manhajar, an riƙe kuɗin gaba ɗaya, har na masu sauraron gaskiya. Kamfanin ya ce sauraron ba na mutane ba ne, daga wuri ɗaya yake fitowa, kuma a gaɓa ɗaya yake yankewa. Yana cikin faɗa sai idonsa ya kai kan kanta. Wayoyi a jere, kowacce da hotonsa a fuskarta, sun tsaya cak.

"Yaya."

"To, wa na cuta? Mutanen da ke biyanka kamar sadakar marowaci?"

"Ba su ka cuta ba. Tukunya ɗaya ce ake zuba kuɗin kowa a raba. Abin da ka ƙara min, daga kwanon wani mai jita irina aka kwashe. Su nasu sun cire tun kafin a ɗora."

"To su biya abin kirki mana, su ga ko wani zai yi haka."

"Je ka gaya musu. Ni ko mutum ban samu na yi magana da shi ba."

Injiniya ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Shekara ta zagayo. Injiniya ya ce zai biya hayar, a ƙara wata shekarar. Auta ya ce magana magana ce, waƙa aka ce ta biya, ba Yaya ba. Ya dawo ya kaɗe ƙurar kujerarsa ya zauna. Matar Auta ta ce da gangan aka yi, dama shago na neman hannu. Mahaifiyarsu ta ce ita ba ta san waya ba, amma ta san taimakon da ba a yi shawara ba. Injiniya bai musa wa kowa ba. Sifika kuwa ya koma gwada ta da labarai.

Aiki ya ci gaba, don Auta hannunsa bai manta ba. Rannan yana fama da wata waya da ta faɗa ruwa, sai ya fara rera waƙar a hankali, bai ma san yana yi ba. Injiniya ya kama, ya bi shi tiryan-tiryan, ba kuskure ko ɗaya, har inda ya saba dannawa. Nan ya tsaya. Auta ma ya katse waƙar.

"Daga nan fa," in ji Injiniya, "me ke biyo baya?"

Auta bai ɗago ba.

"Miƙo min ƙaramar sukudireban nan, Yaya."