Hutun Dole na Mai Kiwon Gauraka

Tun ranar da aka ce Baba ya zauna a gida, babu wanda ya ƙara sakewa a cikinmu. Mutum ne da ya tsufa yana kiwon tsuntsaye a gidan adana namun daji, bai iya zama ba sam. Ya gyara famfon da yake lafiya ƙalau har ya fara yoyo. Ya kwance fankar falo ya wanke, ya rasa yadda zai mayar da ita. Ni da nake zuwa gida kullum ina ɗinki a baranda, yana ta safa da marwa a bayana, har na ɗinke hannun rigar wata a baibai.

"Malam, don Allah ka nemi wuri ka zauna," in ji Inna. "Kana juya mini kai."

Duk wannan a kan wata gauraka ce da ma'aikata ke kira 'Yar Baba. Irinta sun kusa ƙarewa a daji, shi ya sa gidajen tsuntsaye suka haɗa kai, wannan ya ara wa wancan namiji ko mace, in an samu 'ya'ya a raine su a saki. Ita kuwa tun tana cikin ƙwai injin ƙyanƙyasa ya lalace, Baba ya cusa ƙwan cikin rigarsa ya yini da shi. Da ta fito, fuskarsa ta fara gani. Shi ke nan ta girma tana ɗaukar kanta mutum. In damina ta kama, lokacin da gauraki ke rawar neman juna, gabansa take zuwa ta buɗe fukafukai tana tsalle. Shi ma, da furfurarsa, sai ya ajiye bokiti ya taya ta. Abin yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Ni da ya haifa ko ranar aurena bai ɗaga ƙafa ba.

Bana wani gida mai nisa ya ba su aron namiji, da sharaɗin a mayar da shi in damina ta wuce. Baƙo ya yi rawa har ya gaji, ko kallo bai ishe ta ba. Tana bakin wayar keji tana jiran Baba. Likitar tsuntsayen ce ta zo har gida, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Baba, muddin tana ganinka ba za ta kula shi ba. Ko fitonka kada ta ji. In ya koma a haka, ba mu san ranar da za mu samu wani ba."

"Wa zai ba ta abinci? Ba ta ci a hannun kowa."

"Yunwa za ta koya mata, Baba."

Ruwan sama ya fara ja baya, ba labari. Wata safiya na duba bayan ƙofa, babu takalmansa na aiki. Na yar da almakashi na bi shi. Na same shi a tashar bas, aljihunsa cike da gyaɗa.

"Baba, ina zuwa?"

"Daga nesa kawai zan hango ta. An ce ta rame."

"Kai da ba ka iya tafiya ba fito? Tana jin ka an koma gidan jiya. Ka zaɓa, ko ta yi ƙiba ita kaɗai, ko ta bar baya."

Ya harare ni kamar zai mare ni. Bas ta tsaya, yaron mota yana ta kira. Baba ya miƙe, ya sa ƙafa ɗaya a gaba, sai kuma ya koma ya zauna. Muka zauna tare har bas ɗin ta tashi.

Ana gab da zuwa ɗaukar baƙon, likita ta bugo waya tana haki. Gaurakin sun yi rawa, sun tara ciyawar sheƙa, kuma masu shi sun yarda ya ƙara zama. Ta ce Baba zai iya dawowa aiki.

Ya ce in raka shi. Da muka isa kejinta ya gyara hula, ya yi ɗan fiton nan nasa. Ta taso daga cikin ciyawa, ta miƙe wuya, gashin kanta a tsaye. Na ɗauka rawa za ta yi. Sai ta rugo a guje ta kai wa wayar sara daidai fuskarsa, namijin na bayanta yana kururuwa. Baba ya ja da baya har ya taka ni.

"Kin gani?" ya ce, yana dariya. "Ta kore ni. Ƙwai biyu ne, na hango."

Tausayinsa ya kama ni. Ya daɗe a tsaye yana kallonta ta koma ta kwanta a kan sheƙarta, ba ta ko waiwayo ba. Sannan ya sa hannu a aljihu, ya kwashe gyaɗar duka, ya zuba mini a tafin hannu.

"Ungo, 'yata," ya ce. "Na ɓare miki su."